Martani Kan Ƙara wa Tsohuwar Tarakta Mahaɗan Mai na Baya

A wata maƙala da ta fito kwanan baya kan gyaran injinan noma, wani marubuci ya shawarci masu tsofaffin taraktoci da su guji ƙara musu mahaɗan mai na baya, wato bakunan ƙarfen nan biyu ko huɗu da ake ɗaurawa a bayan tarakta domin man haidirolik ya fita ta cikin tiyo zuwa na'urar da take ja, kamar tirela mai juye kaya ko haro mai tayoyi, ya yi aikinsa sannan ya komo. Hujjarsa ita ce famfon tsohuwar tarakta ƙarami ne, an ƙera shi ne don ɗaga hannuwan baya kaɗai, kuma duk wanda ya ɗora masa wani aikin zai kashe shi tun lokacinsa bai yi ba. Saboda haka, a ganinsa, gara manomi ya adana kuɗin gyaran har ya kai ga sayen sabuwar tarakta wadda ta zo da mahaɗanta daga kamfani. Damuwar marubucin tana da tushe, domin famfunan da suka lalace bayan irin wannan gyara suna nan a garejoji, amma hukuncin da ya yanke ya wuce abin da hujjarsa za ta iya ɗauka, kuma ya jingina ɓarnar ga abin da bai jawo ta ba.

Da'awar cewa an ƙera famfon ne don hannuwan baya kaɗai ba ta dace da tarihin injin ba. Harry Ferguson, mutumin Ailan ta Arewa da ya ƙirƙiro tsarin ɗaura garma a wurare uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama, ya sami rajistar dabararsa ta daidaita zurfin garma a Birtaniya a 1926, tsarin ya bazu a Amurka da taraktar Ford 9N a 1939, sannan ya game duniya da TE20, wadda aka ƙera fiye da 500,000 a birnin Coventry na Ingila tsakanin 1946 da 1956. Tun a zamanin TE20 kamfanin Ferguson yana sayar da tirela mai ɗaukar tan 3 wadda ke juye kayanta da man taraktar, kuma saboda irin wannan aiki ne aka bar kafofi masu zare a jikin taraktar, aka toshe su da noti, domin a kwance a ɗaura bututu idan buƙata ta taso. Da Massey Ferguson 135 ta fito a 1964, bawul ɗin karkatar da mai zuwa waje da bawul masu liba na sarrafa silinda suna cikin kayan ƙari da kamfanin yake sayarwa ga wanda ya nema. Wannan tarihi ya shafi manomin Kano da Kaduna da Jigawa kai tsaye, domin taraktocin 240 da 375 da kamfanin Millat na birnin Lahore a Pakistan yake ƙerawa, waɗanda suka cika filayen haya a arewacin Nijeriya, famfonsu ɗan gidan famfon 135 ne. Wanda ya ƙara wa irin wannan tarakta mahaɗan baya yana buɗe ƙofar da maƙeran suka tanada ne tun farko.

Babban kuskuren maƙalar yana cikin kalmar ƙarami, domin ta haɗa abubuwa biyu da kimiyyar injinan mai ta raba, wato matsi da kwarara. Matsi shi ne ƙarfin da mai yake dannawa da shi a kan kowane ɗan fili na abin da ya tare shi, ana auna shi da bar, kuma bar ɗaya ya yi kusan nauyin kilo ɗaya a kan santimita murabba'i ɗaya. Kwarara kuwa ita ce yawan litocin da famfo ke turawa a minti ɗaya. Matsi ne ke yanke nauyin da silinda za ta iya ɗagawa, kwarara kuma ita ke yanke saurin da za ta ɗaga shi. Famfon Ferguson mai fistin huɗu, wanda ke nutse cikin man akwatin giya, kwararsa ba ta kai lita 20 a minti ba, kuma a nan marubucin ya yi gaskiya, domin sababbin taraktoci suna ba da ninkin wannan sau biyu ko uku, manyansu ma fiye da haka. Sai dai matsinsa yana tsakanin bar 170 da 200 gwargwadon samfuri, wanda shi ne kusan matsin da taraktocin yau suke aiki da shi.

Lissafi kaɗan zai nuna abin da wannan yake nufi a gona. Silindar da aka fi samu a jikin haro mai tayoyi faɗin cikinta inci 3 ne, wato milimita 75 ko kusan haka, kuma tana miƙewa inci 8, wato santimita 20. Fuskar fistin ɗinta ta kai santimita murabba'i 44, saboda haka a matsin bar 170 tana tura nauyin da ya kai kusan tan 7.5, alhali man da take buƙata don ta miƙe gaba ɗaya bai cika lita ɗaya ba. Famfon da ke ba da lita 16 a minti zai cika ta a ƙasa da sakan 4. Ko da silindar tirela ce mai cin lita 10, juye kayan ba zai ɗauki sakan 40 ba. Sabuwar tarakta za ta yi aikin cikin rabi ko sulusin wannan lokaci, amma manomin da a da yake tara mutum uku da shebur su sauke takin gida daga tirela ba zai kira sakan 40 jinkiri ba. Ga duk na'urar da aikinta shi ne silinda ta miƙe ta tsaya, kamar ɗaga haro a bakin gona, ko karkata ruwan na'urar baje ƙasa, ko tsawaita sandar sama ta garma daga kan kujera, tsohon famfo ya wadatar.

Akwai dai inda ƙarancin kwarara yake zama iyaka ta gaskiya, kuma adalci ne a bar wa marubucin wannan. Wasu na'urori suna ɗauke da mota mai juyi da mai, wadda ke buƙatar mai ya riƙa ratsa ta ba tsayawa muddin ana aiki, kamar fankar injin shuka mai aiki da iska. Ƙarfin da famfo zai iya bayarwa ana samunsa ne idan aka ninka matsi da kwarara aka raba da 600, kuma bar 170 a lita 16 yana ba da kilowat 4.5, wato kusan ƙarfin doki 6 daga injin Perkins mai ƙarfin doki 45 ko kusan haka. Motar da ke neman fiye da wannan za ta yi ta jan ƙafa, man ya yi zafi, aikin ya lalace. Maganin wannan sananne ne, wato a ɗaura famfo na daban a kan sandar juyi ta baya, wadda kanikawa ke kira fitiyo kuma take juyi 540 a minti, a ba shi tankinsa da matatarsa. Iyakar ta shafi motoci ne, ba ta shafi silinda ba, kuma mafi yawan kayan aikin da ƙaramin manomi ko mai haya yake ja silinda ce a jikinsu.

Sauran tambayar ita ce me ke kashe famfunan da marubucin ya gani. Famfo bai san abin da yake turawa ba, garma ce ko tirela, kuma matsin da zai kai yana da rufi, domin akwai bawul ɗin kariya mai sifirin wanda ke buɗewa ya saki mai idan matsi ya kai iyakar da aka saita. Ɗaga garma mai faifai uku a ƙarshen kowane layi yana ɗora masa nauyi irin wanda silindar waje ke ɗora masa. Abubuwan da ke cin famfo su ne zafi da datti da ƙarancin mai, kuma dukansu suna shigowa ne ta hanyar mummunan haɗi.

Fahimtar wannan tana buƙatar a san wata siffa ta tsarin Ferguson wadda ta bambanta shi da yawancin taraktoci. A cikinsa, bawul ɗin da ke sarrafa hannuwan baya yana gefen da famfo ke zuƙar mai ne, saboda haka idan hannuwan suka kai matsayin da direba ya sa libarsa, bawul ɗin yana rufe mashigar, famfon ya ci gaba da motsi ba tare da tura komai ba. Wannan ne ya sa bakaniken da ya kwance noti ya ɗaura tiyo yakan tarar mai yana zuwa ne kawai sa'ad da hannuwan ke hawa, da sun kai sama sai ya ɗauke. Dabarar da aka saba yi a gareji ita ce a ɗaure hannuwan da sarƙa don kada su kai sama, a ja liba, famfo ya yi ta turawa. Idan man da ake turawa ba shi da hanyar komawa, to duk yana bi ta bawul ɗin kariya ne, kuma a wannan hali kilowat 4.5 ɗin nan gaba ɗaya yana zama zafi a cikin man da bai wuce kusan lita 30 ba. Cikin ɗan lokaci man zai haura digiri 80, ya tsinke, robobin da ke hana yoyo su ƙeƙashe, sifirin ɗin bawul ɗin kariya ya gaji saboda an mai da abin da aka yi don gaggawa ya zama hanyar kullum. Taraktar da aka yi wa haka a zafin watan Afrilu ba za ta daɗe ba, kuma irin ta ce ta cika idon marubucin.

Haɗin da ya dace ya sha bamban da wannan. A ƙarƙashin kujerar direba, a kan murfin da ke ɗauke da silindar hannuwan baya, akwai wata 'yar hula ta ƙarfe da ke rufe bakin bututun da ya taso daga famfo. Ana cire wannan hula a ɗaura bawul ɗin zaɓi a gurbinta, wanda da libarsa direba zai aika mai ko dai zuwa hannuwan baya ko kuma zuwa waje. Daga nan man yana shiga bawul mai liba wanda, idan libarsa tana tsakiya, yana barin mai ya wuce ya koma akwatin giya ba tare da matsi ba, ta bututun dawowa mai faɗi da aka ɗaura a murfin gefe. Sai an ja libar ne kawai man ke karkata zuwa mahaɗa, ya shiga silinda. A kan yawancin taraktocin wannan dangi akwai ma wuri a farantin libobi da aka tanada don famfo ya ci gaba da turawa, ba tare da an ɗaure komai da sarƙa ba. A wannan tsari famfon yana yin mafi yawan yininsa yana zagaya mai ba nauyi. Abin da manomi ya rasa shi ne ba zai yi amfani da hannuwan baya da mahaɗan waje a lokaci guda ba, sai ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan ƙaramar asara ce ga mai jan tirela ko haro, tunda su ba a hannuwan suke rataye ba.

Taraktocin Fiat da Ford da Steyr, waɗanda har yanzu ake gani a arewa tun zamanin da ake harhaɗa wasunsu a Kano da Bauchi, yawancinsu suna da famfo mai haƙora wanda ke tura mai kullum muddin inji yana aiki, man yana zagayawa ta cikin bawuloli yana komawa tanki. Ana kiran wannan tsari buɗaɗɗiyar tsakiya, kuma yana da nasa tarkon. Bakanike yakan yanke bututun matsi ya sa mahaɗi mai baki uku, yana zaton ya raba man gida biyu, alhali mai yana bin hanyar da ta fi sauƙi ne, kamar yadda ruwan ban ruwa ke barin fangalin da ke kan tudu ya kwarara ta inda aka fasa masa kuyya a gangare. Sakamakon shi ne silinda ba ta motsi, hannuwan baya ma sun rasa ƙarfi, sai a ce famfo ya mutu. Daidai shi ne a jera bawulolin ɗaya bayan ɗaya, sabon bawul ɗin ya kasance mai kafa uku ta ɓangaren famfo: ɗaya ta shigowar mai, ɗaya ta komawa tanki, ta uku kuma ta miƙa man mai matsi gaba zuwa hannuwan baya, wadda ake raba ta da kafar tanki ta hanyar wani ɗan hannun riga na ƙarfe da ake ɗaurawa a ciki. Wanda ya tsallake wannan kafa ta uku ya tura matsi ta kafar tanki yakan fasa jikin bawul ɗin. Haka kuma dole bawul ɗin kariya ya kasance tsakanin famfo da duk wani wurin da hanya za ta iya toshewa, domin mahaɗin da ya zame a kan layin famfo yana rufe kansa nan take, kuma famfo mai haƙora da aka toshe wa gaba babu kariya yana fashewa cikin ƙiftawar ido. Taraktocin John Deere da suka fara fitowa a 1960 da tsarin rufaffiyar tsakiya, inda famfo ke riƙe matsi ya daina turawa sai an buƙata, suna neman bawul na daban, kuma sa musu na buɗaɗɗiyar tsakiya yana sa famfon aiki ba hutu. Duk waɗannan ƙa'idoji ne da ake koyarwa, kuma maƙalar da ke son kare manomi ta fi amfani idan ta koyar da su.

Batun mai shi ne inda gargaɗin marubucin ya kamata ya tsaya da ƙarfi, amma ya wuce shi da sauri. Silinda iri biyu ce: mai tiyo biyu, wadda mai ke turawa gaba da baya, saboda haka yawancin abin da ya shiga ta wannan gefe yana fitowa ta wancan, da mai tiyo ɗaya, irin ta tirela, wadda mai ke ɗagawa nauyi ya mayar da ita. Ta biyun tana kwashe mai daga akwatin giya har sai an sauke ta, kuma lita 10 daga cikin 30 ba ƙaramin gibi ba ne, musamman idan dama man bai kai alamarsa ba ko taraktar tana tsaye a gangare, domin famfon zai zuƙi iska, haƙoran giya kuma su rasa abin da ke jiƙa su. Ya wajaba a duba sandar awon mai, a cika har alamar sama, kafin a fara aikin tirela. Datti kuwa ya fi wannan haɗari, saboda man da ke zuwa silinda shi ne man da ke wanke giya da famfo. A ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, mahaɗin da aka bari a buɗe, ko kan tiyo da aka jefar a ƙasa sannan aka cusa ba a goge ba, yana kai yashi kai tsaye cikin fistin. Al'adar haya tana ƙara tsananta lamarin, tunda tirela ɗaya tana iya bin taraktoci biyar a mako, kowace ta bar mata ragowar manta, wani ma baƙin man inji ne da ya gama aiki. Murfin roba a kan kowane mahaɗi, da tsumma mai tsabta, da wanke matata, da canza mai a kan lokaci, su ne abin da zai tsawaita ran famfo. Yana kuma da kyau a sayi mahaɗan rabin inci da suka bi ƙa'idar ISO 5675, wadda ita ce ta injinan noma, don kayan aiki su shiga juna ba tare da ɗaure-ɗauren waya ba, a kuma lura cewa zaren Ingila da na Amurka da na mita ba sa cin juna ko da sun yi kama a ido.

Akwai taraktocin da gyaran ba zai yi musu daɗi ba. A TE20 da takwarorinta na Ford, taka kuloci yana tsayar da famfo, saboda haka silinda ba za ta motsa ba sai an saki kuloci. 135 da na bayanta masu kuloci mai hawa biyu ba su da wannan matsala muddin ba a taka shi har ƙasa ba. Haka nan famfon da ya riga ya gaji, wanda hannuwan taraktarsa ke rawa ko suke sauka da garma da zarar an kashe inji, ba zai warke don an ƙara masa bawul ba. Agogon awon matsi da aka ɗaura a kafar waje, bayan mai ya ɗumama, zai faɗi gaskiyar lafiyarsa cikin minti kaɗan, kuma idan ya gaza, kayan gyaransa ba su da wuyar samu tunda har yau ana ƙera irinsa a Pakistan da Indiya.

Abin da ya fi cancantar tsoro a wannan aiki, wanda maƙalar ba ta ambata ba, shi ne lafiyar mutum. Man da ke fita ta ƙaramin huji a tiyo yana iya huda fata tun daga matsin da bai wuce bar 7 ba, balle 170, kuma raunin da farko yakan yi kama da sukar ƙaya, amma man da ya shiga nama yana ruɓar da shi, har ya kai ga yanke yatsa ko hannu idan ba a yi tiyata cikin sa'o'i ba. Ba a neman yoyo da tafin hannu, da kwali ake nema. Tiyon da za a sa ya zama mai saƙar waya biyu, wanda aka matse kawunansa da injin matsa tiyo, domin bututun ruwa da tiyon da aka ɗaure da kilif ba su da hurumi a layin matsi. Kafin a cire mahaɗi sai an sauke kaya, an kashe inji, an motsa liba gaba da baya don matsi ya fita, kuma babu wanda zai shiga ƙarƙashin tirelar da aka ɗaga sai an tokare ta da ƙarfe.

Shawarar a jira sabuwar tarakta ita ce mafi raunin sashen maƙalar, domin ba ta dubi halin wanda ake ba shawarar ba. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin duk injin da ake shigowa da shi ya yi tashin da ya fi ƙarfin mafi yawan masu tarakta ɗaya, alhali bawul biyu da mahaɗai da 'yan mitocin tiyo kaso ne kaɗan ƙwarai na wannan farashi. Taraktar da ba ta iya komai sai huɗa da haro tana samun kuɗi ne a makonnin farkon damina, sauran shekara tana ajiye. Wadda ke iya juye tirela kuwa tana kai taki gonaki da rani, tana ɗaukar yashi da marmara, tana jan na'urar baje ƙasa a filayen shinkafa na Kadawa da Bakolori, inda daidaiton ƙasa ke yanke yadda ruwa zai kwanta. Daga irin wannan aiki ne kuɗin sabuwar tarakta zai taru, idan har zai taru. Saboda haka hanin da marubucin ya yi bai tsaya a kan hujja ba. Mai tsohuwar tarakta ya auna matsin famfonsa, ya tabbatar da irin tsarin da take da shi, ya nemi bakaniken da ya san bambancin buɗaɗɗiyar tsakiya da rufaffiya, sannan ya ɗaura mahaɗansa. Makarantun koyon aikin gona da ƙungiyoyin kanikawa kuma su sa wannan haɗi cikin abin da suke koya wa yaransu.